Ganin Likita Ta Waya a Ƙauyenmu: Littafin Aiki na Daminar 2024

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Da sunan Allah. Na buɗe littafin nan don in riƙa rubuta abin da muka yi, abin da muka kashe, da inda muka yi tuntuɓe, domin 'yan kwamitin lafiya su gani, da duk abokin aikin da zai so ya gwada a nasa ƙauyen.

Ni ne majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, a ƙaramin asibitinmu da ke kwarin Binuwai a arewacin Kamaru. Mu uku ne: ni, da ungozoma, da yaron da ke riƙe da ɗakin magani. Likita ba mu taɓa samu ba. Tsakaninmu da kwaltar da ta tashi daga Garwa zuwa Ngaundare kilomita 18 ne, kuma akwai mayo a tsakiya, wato rafin nan da ke bushewa ƙayau da rani. Da rani mai mashin yana kai mutum Garwa cikin awa biyu. Da damina, in mayo ya kawo, kowa sai ya zauna inda yake.

Wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata da muka tashi tare a unguwar Hausare, yanzu likita ce a Garwa. Ta yarda ta riƙa duba mana marasa lafiya ta waya ran Talata da ran Alhamis da yamma, in kuma abin gaggawa ne a kira ta ko da tsakar dare. Na kai maganar gaban babban likitan gunduma, ya amince, da sharaɗin duk wanda za a tura gaba a tura shi da takarda kamar yadda aka saba.

Kuɗin da aka kashe, duk da sefa: waya 78,000, faifan sola 45,000, batir 60,000, wayoyin haɗi da na'urar daidaita wuta 15,000, na'urar awon jini 22,000, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini 12,000, data ta wata guda 5,000. Jimla 237,000. Kwamiti ya ba da 100,000 daga abin da aka tara bayan kuɗin auduga, sauran kuma 'ya'yan garin nan da ke Garwa da Yawunde suka turo ta Orange Money, hanyar aika kuɗi ta waya. Allah ya saka musu.

Alhamis, 9 ga Mayu

An ɗora faifan sola. Mun yini muna zagaya gida da waya a sama muna neman rezo, wato siginar waya. Cikin ɗaki babu ko ɗigo. A gindin tsamiyar da ke bayan ɗakin magani ne kawai ake samun sanda biyu.

Talata, 14 ga Mayu

Yau muka gwada kiran bidiyo na farko, kuma bai yiwu ba.

Mun fara da wani dattijo mai gyambo a ƙwauri, ya shekara yana fama. Muka ɗauko benci muka zaunar da shi gindin tsamiya, jama'a suka taru kamar ana rabon taki. Fuskar Dakta ta fito, aka yi kabbara, sai ta daskare da baki buɗe. Muka sake kira. Muryarta ta zo a gutsure, tana tambaya ina amsa abin da ta tambaya tun ɗazu. Na kara wayar kusa da ciwon, ta ce ba ta ganin komai sai jan abu mai hazo. Minti arba'in muka yi a haka, rabin datar wata ta tafi, dattijo kuma yana zaune cikin zafin nan na Mayu da ƙafa a buɗe, ƙudaje na bi. Na ji kunyarsa ƙwarai.

Da dare ta kira ni kira na murya kawai. Ta ce in daina wahalar da kaina da bidiyo. Ta ba ni labarin shirin RAFT, wanda aka fara a Mali a 2001 tare da asibitin jami'ar Janiba ta ƙasar Switzerland, kuma tun asali an tsara shi ne don wuraren da intanet ba ta da ƙarfi: ma'aikaci ya rubuta bayanin mara lafiya, ya haɗa da hoto, ya tura, ƙwararre ya amsa lokacin da saƙon ya isa. Hoto ɗaya yana iya jiran rezo ya dawo, bidiyo ba ya jira. Daga yau haka za mu yi ta WhatsApp.

Talata, 21 ga Mayu

Saƙona na farko ta dawo mini da shi. Na rubuta mata cewa yaro ɗan shekara biyu jikinsa ya yi zafi, yana tari, numfashinsa na sauri. Ta amsa: “Yaya, saurin nawa ne? Ka ƙirga mini minti guda cur, da agogo, yaron yana kwance ba ya kuka.” Na ƙirga, 52. Ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, daga 40 ya zama numfashin sauri, ga ɗan wata 2 zuwa 11 kuma daga 50. Na san wannan tun makaranta, amma gaskiya yawan jama'a ya sa na koma auna shi da ido. Iskar jininsa 95, ƙirjinsa ba ya lotsawa, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba. Aka ba shi amoksisilin ya koma gida, za a dawo da shi jibi.

Mun tsara abin da kowane saƙo zai ƙunsa: lamba a madadin suna, shekaru, nauyi, zafin jiki, awon jini, bugun zuciya, numfashi, iskar jini, sakamakon gwaji, sai kuma duk abin da mutum ya sha kafin ya zo, har na mai tallan magani a kasuwa da jiƙe-jiƙen gida. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar samu, sai ka zauna ka yi hira mutum ya saki jiki.

Hoton ciwo a ɗauke shi da hasken rana, a ajiye sulen sefa 100 a gefensa don a san girmansa. Da haka muka ɗauki gyambon dattijo. Faɗinsa ya kai sule huɗu. Ta sa aka auna sukarinsa, aka same shi sama. Shekara guda ana wanke ciwo, ba wanda ya nemi tushensa, har da ni.

Talata, 28 ga Mayu

Saƙo shida, amsa shida. An yi ruwan farko mai ƙarfi jiya, mutane sun fita shuka, asibiti ba kowa.

Talata, 4 ga Yuni

Wannan makon na yi kuskuren da ya kusa rushe aikin.

Wata mai jego ta zo da kumburin nono. Ungozoma ce ta ɗauki hoton, ba fuska, ba suna, kuma matar ta gyaɗa kai da aka tambaye ta. Amma hoton ya zauna cikin wayar, ni kuma na miƙa wa wani wayar ya kai ta caji ba tare da na kulle ba. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa asibiti na sa hoton matan mutane a intanet. Mijin ya wuce kai tsaye gidan Jauro, mai garinmu.

Aka kira ni bayan magariba. Mijin bai ɗaga murya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Cewa ya yi: “Malam, mun kawo maka iyali don amana.” Ban kare kaina ba, don gaskiyarsa ce. Na ce laifina ne, na nuna musu inda hoton ya je, wurin mutum ɗaya kuma mace, na goge shi a gabansu, na kira Dakta ta goge nata. WhatsApp yana rufe saƙo a kan hanya tsakanin waya da waya, amma ba ya hana wanda ya riƙe wayar a hannu gani. Ita kuma gyaɗa kan da matar ta yi, da na sake tunani, ba yarda ba ce. Mace mai ciwo a gaban mai farar riga, me za ta ce in ba to ba?

Abin da muka tsayar a gaban Jauro da liman: a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, Fulatanci ko Hausa, a gaya masa yana iya ƙi kuma za a duba shi duk da haka. Abin da ya shafi jikin mace, ungozoma ce kaɗai ke ɗauka, ita ke turawa, ita ke gogewa a gaban mai shi. Wayar na kulle, ba ta barin hannunmu mu biyu. Ungozoma ta ce da ma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ta karɓi wannan ɓangaren gaba ɗaya.

Matar ba ta dawo ba tukuna. Ungozoma na bin ta gida da magani.

Alhamis, 20 ga Yuni

Batir ya mutu, ya kumbura kamar burodi. Dalili biyu: mun ajiye shi a kan kanta dab da kwanon rufi, kuma lokacin Babbar Sallah na bar maƙwabta suna cajin wayoyinsu har yana ƙarewa tas kowane dare. Mai gyaran sola ya ce irin wannan batir ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi. Ya kuma ce da alama tun farko tsoho aka wanke aka sayar mana. Sefa 60,000 sun tafi. Sabo 75,000, na ranta daga albashina kafin kwamiti ya zauna. Yanzu yana ƙasa a kan katako, a kusurwar da iska ke shiga. Cajin waje an hana.

Talata, 9 ga Yuli

Mayo ya fara kawowa yana janyewa. Watan nan ne ake fara zagayen maganin rigakafin zazzaɓin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake yi a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa tun 2016, wata-wata har ƙarshen damina. Tunda masu rabon suna shiga kowane gida, na roƙe su su riƙa auna dantsen yara da tef ɗin nan mai launi. Duk wanda ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, su turo mini gajeren saƙo. Ƙananan wayoyi ne da su, amma saƙon rubutu yana fita inda intanet ba ta fita. Yara uku masu tamowa muka samu a rugagen ƙetare.

Laraba, 17 ga Yuli

Ina rubuta wannan ban yi barci ba tun shekaranjiya.

Ran Litinin da misalin tara na dare aka kawo wata yarinya mai cikin fari, wata takwas. Kai na sara mata, tana ganin abu na walƙiya a idonta, fuska da hannuwa sun kumbura har zobe ya nutse a yatsa. Awon jini 170 bisa 115. Na jira, na sake, bai sauka ba. Fitsari ya nuna furotin sosai. Daga 160 bisa 110 an shiga haɗari, jijjiga na iya zuwa kowane lokaci.

Na ruga gindin tsamiya da tocila a baki. Dakta ta ɗauka a kira na biyu. Ta ce a yi mata allurar magnesiyam nan take, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, a ba ta maganin sauke jini, a sa mata robar fitsari, a riƙa duba numfashinta, sannan a fita da ita a daren, kada a jira gari ya waye. Allurar na san ta, muna da ita. Abin da ba ni da shi shi ne ƙarfin da zan ce wa mutane su ɗauki mai ciki su shiga daji da dare alhali tana zaune tana magana.

Uwar mijin ta ce kumburi ai na ciki ne, ita ma ta yi, a bari sai da safe. Hadari kuwa ya haɗo daga gabas, ana walƙiya. Na jawo tsohuwar har gindin tsamiya na kara mata waya a kunne. Na ji Dakta ta gaishe ta gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida da damina, ba ta yi gaggawa ba, sannan ta ce: “Inna, da 'yata ce, da yanzu tana kan hanya. Ki taimake ni ki rako ta, ina nan ina jiranku.” Tsohuwar ta yi shiru, ta gyara lulluɓi, ta ce wa ɗanta ya nemo abin hawa.

Mai keken kaya mai ƙafa uku ya ce jaka goma sha biyu zuwa kwalta, da man zuwa-zuwa a ciki. Muka shimfiɗa katifa, ungozoma ta zauna riƙe da ledar ruwa a sama. Mayo na gwiwa lokacin da suka ƙetare, samari shida na turawa. Ƙarfe biyu na dare ruwa ya sauko, kuma har yanzu da nake rubutu ba mai iya ƙetarewa.

Allah ya sa tun cikin yarinyar na wata huɗu ungozoma ta matsa wa mijin ya sayi takardar nan ta masu ciki ta sefa 6,000, wadda ke ɗaukar awo da haihuwa har da tiyata, zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Don haka ba a tsaya cinikin kuɗi a ƙofa ba. Dakta kuma ta riga ta sanar da masu aikin dare. An yi mata aiki da asuba, namiji ne, ƙarami amma yana kuka. Ungozoma na can Garwa sai ruwa ya janye.

Talata, 30 ga Yuli

Lissafi daga farko zuwa yau: mutum 41 na tura bayaninsu, 9 aka ce su tafi gaba, 32 aka yi musu magani a nan. A cikin 32 ɗin akwai aƙalla goma da a da zan ce su tafi Garwa don kawai ban tabbata ba, su sayar da akuya a kan abin da ba sai an je ba. Kwamiti ya biya ni rabin kuɗin batir.

Talata, 6 ga Agusta

Kwana huɗu ba rezo bayan tsawar ran Alhamis. Sau biyu na hau mashin zuwa tudun da ke hanyar kasuwa, kilomita 5, na tura saƙonni a tare, na zauna kan dutse na jira amsa. Kuɗin mai 2,000.

Laraba, 14 ga Agusta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun rasa mutum, magidanci mai 'ya'ya biyar.

Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa ran Litinin da safe yana noman auduga. Kwarin Binuwai gidanta ne, kuma ba a banza ake kiran ta gobe da nisa ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum na iya yini yana tafiya da ƙafarsa yana cewa da sauƙi, jini kuwa na zuba a ciki. An fara kai shi wurin mai magani, aka ɗaure ƙafar, aka tsaga, aka ɗora baƙin dutse. Sai jiya da yamma aka kawo mini shi, dasashinsa na tsiyayar jini, wuraren tsagar ba su daina zuba ba.

Na ɗebi jininsa kaɗan na zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, na ajiye minti 20 ban taɓa ba, na karkata. Ya gudana kamar ruwa. Na ɗauki hoto na tura. Minti shida amsa ta zo: allurar kashe dafi yanzu, ta jijiya, kada a yi masa wata allura a tsoka, kada a ba shi asfirin ko diklofenak, a sa masa ruwa, a fita da shi.

Kowace kalma daidai ce. Ba ni da allurar. Ba mu taɓa ajiye ta ba saboda tsada. Mayo kuwa ya cika baki da baki, yana tafe da itatuwa, mai kwalekwale ya ce ko ubansa ne ba zai shiga da dare ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na kwana kusa da shi ina canza ledar ruwa, Dakta na kira duk bayan awa, har ta samo wanda zai kawo allurar bakin ruwa ta wancan gefen da asuba. Wajen ƙarfe huɗu ya ce kansa zai tsage, sannan ya daina gane mutane. Da gari ya yi haske aka ɗauke shi a kan ƙyauren ƙofa zuwa bakin mayo. Muna hango mai mashin a ƙetare yana ɗaga mana leda. Kafin kwalekwale ya iso rai ya yi halinsa.

Babban ɗansa bai wuce sha huɗu ba. Shi ya riƙe mini tocila duk daren.

Talata, 20 ga Agusta

Ban tura komai ba sati guda. Dakta ce ta kira ta ce: “Yaya, ka yi shiru.” Mun daɗe muna magana. A nan ne na gane ita ma ta gaji: bayan aikinta na yini take duba saƙonninmu, ba wanda ke biyan ta, kuma in ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo shi ke nan aikin ya tsaya. Za ta nemi wani abokin aikinta su riƙa karɓa-karɓa.

Talata, 3 ga Satumba

Kwamiti ya zauna a zauren Jauro. Akwai 90,000 a asusu, 'yan birni sun yi alkawarin ƙari. Matasa na son a sayi babbar waya da eriya don a koma bidiyo, su ga likita ido da ido. Na fahimce su, gani ya kori ji. Amma na ce musu a daren 13 ga Agusta ba maganar likita muka rasa ba, ta zo cikin minti shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2019, cewa ta yi duba mara lafiya daga nesa ƙari ne a kan asibiti mai ma'aikata da magani, ba madadinsa ba. Ita ce kuma ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2017.

Aka yi ta ja har azahar. Liman ne ya raba gardama, ya ce a fara da abin da ke tsayar da jini. An tsayar da abu uku. A sayi allurar kashe dafi kwalba biyu, irin busasshiya ta hoda wadda ba ta buƙatar firji, ta hannun gunduma don kada a sayar mana da jabu, wanda aka yi wa ya biya a hankali bayan kaka. Na biyu, wani ɗan kasuwa ya ba da ɗaki a gidansa da ke bakin kwalta, duk mai cikin da ta shiga wata tara, ko wadda awon jininta ya hau, ta koma can da 'yar rakiya kafin ruwa ya rufe hanya. Na uku, eriya ƙarama a kan dogon ƙarfe, don rezo ya shigo ɗakin haihuwa a daina gudu gindin tsamiya da dare. Liman zai yi huɗuba a kan saran maciji: kada a tsaga, kada a ɗaure, a kawo mutum a ranar.

Talata, 10 ga Satumba

An kafa ƙarfen eriya, 28,000 da siminti. Sanda biyu a ɗakin haihuwa, wani lokaci uku. Mata biyu sun koma ɗakin bakin kwalta, mun kai musu tabarma da gidan sauro, hatsi kuma mazansu za su kai. Allurar dafi ba ta iso ba tukuna, an ce mako mai zuwa.

Likita na biyu ya amsa saƙonsa na farko yau. Ya tambaya ko muna da hanyar ɗaukar awon zuciya, don akwai wata tsohuwa mai haki da kumburin ƙafa da bai so ya rubuta mata magani a makance ba. Ba mu da ita. Ya ambaci Cardiopad, na'urar da injiniya ɗan Kamaru Arthur Zang ya ƙera, wadda ke ɗaukar awon zuciya a ƙauye ta tura wa ƙwararre ta waya, har ta samo masa kyautar Rolex a 2014. Zan rubuta wa gunduma in ji ko ana iya samun aro ko da sau ɗaya a wata. Tsohuwar dai sai ta tafi Garwa ran kasuwa in hanya ta yi kyau.

Dattijon gyambo ya zo wanki. Na ajiye sule a gefen ciwon, sule ɗaya ya rufe shi. Mai jegon nan ta watan Yuni ita ma ta kawo ɗanta rigakafi da kanta, ta gaishe ni.

Gobe: sayen data, biyan mai siminti ragowar 6,000, da kai wa mai kwalekwale lambar wayar asibiti.